Kunnen da Ya Rage wa Baba Orval

A shagon kofi da ke gindin rumbunan masara a jihar Nebraska, Marlis, mai aikin auna ƙarar tarakta a gonaki, ta ƙura wa wani tsoho ido. Wuyansa a karkace yake zuwa dama, kamar har yanzu yana waiwayen garma a bayansa. Ta san irin wannan wuya. Wanda ya tsufa yana huɗa a haka, kunnen hagu yake bar wa inji, inji kuwa in ya karɓa ba ya mayarwa.

Mai raba kofi ta tsaya ta hagunsa. "Baba Orval, a ƙara?"

Ko motsi bai yi ba. Ta zagayo tana dariya. "Kai dai abin da kake so kake ji!"

"'Yar nan, ai a da matata Edna ce ke ji mini," in ji shi, da murya kamar mai kira daga ƙarshen gona.

Jakar Marlis cike take da abin toshe kunne, amma ta makara. Kujerar damansa, inda Edna kan zauna a da, babu kowa. Yana kurɓar kofi, kunnensa mai lafiya a karkace wajen kujerar, yana jira.