Madubin Ramlatu Mai Noti Tara

Kin taɓa ganin madubin da ke ƙara wa mace ƙiba da azahar, ya rage mata da la'asar? Ramlatu tela ta bakin kasuwar Kibiya tana da shi. Na roba ne, fale-fale, manne a jikin katako. Da safe lafiya lau. Rana na gasa kwanon shagon sai ya banƙare, ya mai da kowa tulu.

Mata uku masu kawo mata ɗinki ta rasa a haka. Ta huɗu Hajiya Mairo ce ta Tarai, mai kawo ɗinkin Sallar gidanta kaf, na mutum goma sha ɗaya. Ta gwada riga, ta dubi madubi, ta riƙe haɓa.

"Ramlatu, riga na ce ki ɗinka mini ko buhun gero? Zan dawo. In na sake ganin wannan matar, Rano zan kai ɗinkina."

Da wan Ramlatu, Uzairu mai gyaran waya, ya ji labari, ya sha dariya, sannan ya ce, "Ai masu leƙen taurari ma haka suke fama. Na'urar da suke harbawa sama, zafi da sanyi na murɗe madubinta. Sai suka jera 'yan mitsi-mitsin ƙarafa a bayan wani siririn madubi, kwamfuta tana tura wannan tana jan wancan, har tauraro ya fito tsaf."

"Ba ni da kwamfuta, Yaya," in ji Ramlatu, "amma ina da Muntari kafinta."

Muntari ya huda katakon ta baya, ya zura noti tara, kowanne in an murɗa shi ya tura madubin ko ya sassauta masa. Tauraronta kuwa zare ne mai dutse a ƙasa da ta rataya a gaban madubin: in ya miƙe a madubi, an yi daidai. Aikin ba ya ƙarewa, ƙafa a keken ɗinki, hannu a noti.

Hajiya ta dawo da tsakar rana. Ramlatu ta zagaya baya tana murɗa na tsakiya, zare ya miƙe, sai hannunta ya zarce. Hajiyar cikin madubi ta fara tsukewa.

"Ke! Me kike taɓawa a can?"

Ramlatu ta saki notin. "Gyara ne, Hajiya. Bari in mayar."

"Wa ya aike ki? Ƙara kaɗan."

A ranar Hajiya ta ajiye atamfa goma sha ɗaya.

Ki samo murfin gwangwanin madara, ki danna bayansa da babban yatsa, ki dubi fuskarki. Don Allah ki gwada.