Akwatin da Inna Take Nema a Rusaifa

Shekarun baya, bayan an rushe unguwarmu ta Nakkasa a Makka mun koma wani bene a unguwar Rusaifa, mahaifiyata ta ɗauko wata ɗabi'a da ta hana kowa sakat a gidan. Da an idar da La'asar sai ta jawo mayafi, ta zura takalmi, wani lokacin ƙafa ɗaya nata ɗaya na matata, ta nufi ƙofa. In ka tambaye ta ina za ta, sai ta ce, "An kusa buɗe akwati."

Mu dai ba mu san wane akwati ba. Matata ta buɗe mata duk akwatunan gidan, har da na ƙarfen nan da ta ratso Sudan da shi tana budurwa. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya ta kau da kai. Likita ya ce mantuwar tsufa ce, kuma tayar da ita da aka yi daga inda ta saba ya ƙara rura abin. Ni abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ciwon ya kwashe mata Larabci kaf. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da abinci a Jarwal, tana ciniki da kowane irin mutum, ta wayi gari ko gaisuwa ba ta ganewa. Hausar Kano kawai ta rage mata, irin ta yarinta, wadda mu haihuwar Makka sai mun kasa kunne sosai muke tsintar abin da take nufi.

Wata rana ina wurin aiki a otal ɗin da nake karɓar baƙi a Jarwal, matata ta kira ni a waya.

"Inna ta fita. Na shiga kicin in sauke tukunya, na fito na ga ƙofa a buɗe."

Ban san yadda na iso Rusaifa ba. Na bi layi-layi, na leƙa masallatai, na shiga kantuna ina kwatanta ta. Ga zafi, ga motoci kamar an koro su. Ba iƙama, wato katin izinin zama, a jikinta, ba waya, ba harshen da za ta ce ga gidanmu. Duk motar asibitin da ta wuce sai in bi ta da kallo. Gumi ya jiƙa ni sharkaf, ina tafe ina addu'ar da ni kaina ban san me nake faɗa ba.

Can bayan babban titi na hango ta, gaban shagon wani mutumin Afganistan mai gasa irin gurasar nan da ake kira tamis. Ya ba ta kujera ta ƙi zama. Tana tsaye gindin turken lantarki, ta ɗaga kai tana kallon wani akwatin ƙarfe da ke manne a jikinsa. Na ƙarasa da niyyar yin faɗa, sai ta juyo ta gan ni, fuskarta ta washe, ta kama hannuna.

"Yaya, ka makara. Har yanzu ba su buɗe ba. In sun fara ka ɗaga ni, mutane za su tare mini."

Ku gane, ni ne ɗanta na fari. Inna irin matan da ne masu tsananin alkunya. Tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa riƙe hannuna ba. In tana son in yi wani abu, sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wannan ya je ya ɗebo ruwa," alhali daga ni sai ita a ɗakin. Ƙannena suna hawa cinyarta, ni ina kallo daga bakin ƙofa. To ga shi yau, ina da furfura a gemu, ta riƙe ni gam a tsakiyar titi tana mini murmushi. Yayan da take kira kuwa wanta ne, wanda ya rasu a hanyarsu ta zuwa nan tun kafin a haife ni.

A hanyar komawa gida ta warware mini zancen akwatin, da yake a ganinta da wanta take hira. Ashe rediyo take nufi, irin ta farko-farko. Lokacin tana yarinya an kafa wani akwatin katako a kan turke kusa da kasuwar unguwarsu, an jawo masa waya daga gidan rediyo. Ba a murɗa shi, ba a canza tasha. In lokaci ya yi sai ya yi ƙara ya fara magana da kansa, a yi labarai, sannan a sako makaɗa. Mutane su taru da yamma har da masu talla. Wanta yakan saɓa ta a kafaɗa don ta ji da kyau. Akwai wata waƙa da take jira kullum, amma abin da ta iya tunawa a cikinta kalma uku ce: hadari ya taso.

Na ce to ai abu ya zo da sauƙi. Na shiga waya na tattaro tsofaffin waƙoƙin Hausa, na goge, na kukuma, na kalangu, na kunna mata. Ta saurara kaɗan ta ture hannuna.

"Wannan ba na akwati ba ne."

Na sayo rediyo, na nemo tashar Hausa. Ta ce surutunsu ya yi yawa. Muka koma kulle ƙofa da makulli. Wannan ya fi komai muni. La'asar na yi sai ta tsaya tana jijjiga ƙofar, tana roƙon matata kamar ƙaramar yarinya, daga baya ta zauna a ƙasa ta ƙi cin abinci. Ni kuma a wurin aiki na kasa zaune na kasa tsaye. Waya na ƙara sai in zabura. Har makullin ɗaki na taɓa miƙa wa wani alhaji na ce masa ga fasfonka.

Kawun matata ne ya ba ni labarin wani tsoho mai ɗinkin jallabiya a bayan masallacin unguwarsu. Ya ce an ce ya yi yaron makaɗa a Kano kafin ya zo. Na same shi a shagonsa, ya tsufa tukuf, amma yana zura zare a allura ba tabarau. Da na ambaci akwati sai ya ajiye ɗinkin.

"Ai ni na shiga cikinsa, ɗana," ya ce yana dariya. "Ni nake riƙe wa maigidana kukuma in za mu gidan rediyo. Ɗaki ne ƙarami ba taga, an lulluɓe bangon da barguna. Sai a tsayar da mutum gaban wani ƙarfe mai kama da kan ludayi. In jar fitila ta kama, ko tari ba ka isa ka yi ba. Ranar farko maigidana ya ƙi buɗe baki. Ya ce shi bai taɓa yi wa bango waƙa ba, ina mutanen? Sai da aka shigo da mai shara da masinja suka zauna a ƙasa suna gyaɗa kai, sannan ya fara."

Na tambaye shi ko akwai inda zan samu faifan waƙoƙin.

"Wane faifai? Yawancinmu ba a ɗauka. Abin da ka rera ya bi waya, ya tafi ke nan."

Na ce, "Baba, ko ka san wata mai cewa hadari ya taso?"

Ya dubi ƙofar shago. Ya ce ba ta maigidansa ba ce, ta wani makaho ce mai garaya, amma a shekarun nan ba yaron da bai iya ta ba a birni. Nan fa na roƙe shi ya zo gida ya rera wa Inna ko sau ɗaya. Fuskarsa ta canza.

"Na ajiye kiɗa da waƙa ranar da na fara ganin Ka'aba. Alkawari na yi. Ba zan warware shi da furfura ba."

Na yi magiya, na kawo zancen lada, na kawo zancen tausayi. Ya ce in yi haƙuri, ya ɗauki ɗinkinsa. Har na sa takalmi zan tafi sai ya kira ni.

"Faɗar magana ai ba waƙa ba ce. Zauna."

Ya karanto mini ita tilo, ba kari ba amo, kamar mai ba da saƙo. Sai dai na lura ɗan yatsansa yana buga teburin keken ɗinki, shi bai ma sani ba.

Hadari ya taso gabas da gari,
mai shanyar gero, tashi ki kwashe.
In ruwa ya riga ki, kar ki yi kuka,
gonar da ya jiƙa ta babanki ce.

Na samu kalmomi, ban samu kari ba, don haka na ƙirƙiro nawa. Duk wanda ya san ni ya san muryata kamar ta ƙofar da ta shekara ba mai, ga Hausata da Larabci ya tauna. Da na gwada a gida yarana har da faɗuwa ƙasa don dariya. Amma washegari bayan La'asar ban kulle ƙofa ba. Na ce, "Taso mu je, kar su fara ba mu." Muka taka har gindin turken nan, mai tamis ya fito mana da kujeru biyu. Ta zuba wa akwatin lantarkin ido. Na share murya na fara.

Ban kai baiti na biyu ba ta doke ni a cinya.

"Kai Yaya, ka kashe wa mutane waƙa. Ba haka ake yi ba."

Sai ta ɗauka. Murya siririya, tana rawa, amma karin yana nan daram, har da wasu baitocin da tsohon bai ba ni ba. Tana yi tana tafa hannu a hankali. Mai tamis ya tsaya da kullu a hannu yana kallonmu. Da ta gama ta ce, "Yau sun yi da kyau," ta miƙe da kanta muka koma gida, ta ci tuwo har da neman ƙari.

Haka muka ɗauki watanni. Na roƙi a mayar da ni aikin safe don La'asar ta same ni a gida. Ta daina fita ita kaɗai, tunda ta san Yaya zai zo. A gindin turken nan na ji abubuwan da ban taɓa sani ba: cewa tana tsoron raƙumi, cewa ta taɓa satar fita ba mayafi don kar ta rasa makahon mai garaya, cewa tana da dariya mai ƙarfi har da ƙyaƙyatawa. Sai dai raina bai kwanta ba. Matata ta taɓa tambayata, "Kana amsa sunan mamaci kullum, ba ka jin komai?" Na ce ina ji. Ina roƙa mata sauƙi a kowace sallah, kuma ina fargabar ranar da sauƙin zai zo ta saki hannuna. Waɗannan abubuwa biyu sun yi ta kai-komo a ƙirjina, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ranar kuwa ta zo. Tana tsakiyar waƙa sai ta tsaya. Ta dubi hannunta a cikin nawa, ta ɗago ta dubi fuskata, ta daɗe tana kallo. A hankali ta zare hannun, ta gyara mayafi, ta juya mini gefe. Ta dubi bangon shagon ta ce, "A ce wa wannan ya koma wurin aikinsa, kar a kore shi."

Na ce, "To, Inna."

Can ta sake ce wa bangon, "Ya rame. Yana cin abinci kuwa?"

Na ce ina ci. Muka tashi, tana gaba ina biye da ita a baya kamar yadda muka saba tun ina yaro, ina share ido da hannun riga don kar ta juyo ta gani. Washegari ta koma kirana Yaya. Ba ta sake gane ni ba har Allah ya karɓi abarsa a shekarar da ta biyo baya.

Yanzu in na tuna, nakan ga na yi shekaru ina ɗaukar alkunyarta a matsayin nisa, alhali tana lura da ni ta gefen ido, har ta san ranar da na rame. Watannin da na yi ina Yaya sun ba ni dariyarta da hannunta. Amma in za a ce in zaɓi yini ɗaya a cikinsu, wanda ta juya mini gefe zan ɗauka, don a ranar ni ɗin take yi wa magana.

Ni dai ban iya alkunya ba. 'Yata ta fari ta zama budurwa yanzu, ina kiran sunanta da ƙarfi, in muna tsallaka titi in kama hannunta. Sai ta fizge ta ce mini da Larabci, "Baba, mutane na kallo." Nakan ƙyale ta ta yi gaba, in ce a raina, jinin kakarki ne. Allah ya jiƙan iyayenmu, waɗanda suka faɗa da baki da waɗanda suka faɗa wa bango.