Ƙofar Komiser

Ko na manta komai na aikin unguwarzoma, ba zan manta da ranar da na ga shugaban 'yan sanda da diga a hannu yana fasa katangar asibitinmu ba. Ku sababbin zuwa kullum kuna bi ta 'yar ƙofar baya, kuna jin mata na kiranta Ƙofar Komiser, amma ba wadda ta taɓa tambayar dalili.

A shekarar da satar babura ta addabi garuruwan nan na yankin Konni, hukuma ta kafa kyamarori a mahaɗar hanyoyi. Ɗaya aka ɗaura ta a turken lantarkin da ke daidai bakin ƙofarmu. Ni har murna na yi, don a wurin aka taɓa ɗauke babur ɗin majo, wato shugaban asibitin.

Murna ta koma ciki. Ranar awon ciki ta zo, bencin da mata ke cikawa har wasu su zauna ƙasa, rabinsa ba kowa. Ashe magana ta zaga rugage cewa na'urar tana ɗaukar fuskar duk wanda ba shi da katin shaida, a zo a kama shi a tsallakar da shi iyaka. Makiyayanmu kuwa kun san su: inda shanu suka yi damina, nan ake haihuwar mutum, wani a wannan gefen, ƙanensa a wancan.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Dije, wata mai tallar nono. Sau biyu tana haihuwa a ruga ɗan bai zo da rai ba. Wannan karon ga hawan jini, ga ƙafafu sun kumbura, wata kuma ya kusa. Na riga na gaya mata in ba a hannunmu ta haihu ba, ita kanta ina jin tsoron a rasa ta. Da na ga shiru, na hau kabu-kabu har rugarsu, na sami mijinta Manu.

Ya ce, "Madam, ni can ƙetare aka haihe ni. In abin ga ya ɗauke ni aka kore ni, wa za ya tsaya mata, ita da shanu? Ba mu biyawa ta gabanshi."

Na yi lallashi, na yi faɗa, ko gezau.

A ƙa'ida, unguwarzoma ba ta zuwa wata hukuma sai da izinin majo. Ya ba ni, yana roƙona in riƙe harshena, don ya san halina. Ban riƙe ba. Ina shiga ofishin komiser, wato shugaban 'yan sandan garin, na zazzage masa duka. Ya bar ni na gama, sannan ya ce kyamarar ta ɓarayi ce, babu ruwanta da takardun kowa, amma ba shi da ikon cire ta sai ya rubuta sama ya jira amsa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, naƙuda ba ta jiran sa hannu."

Can ya ce, "Ko na dafa Alƙur'ani makiyayan nan ba su yarda. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai gudu. Mi ke bayan katangarku?"

Na ce gonar gero ce, sai burtalin shanu.

Ya ce, "An ce in tsare hanya, ba a ce in tsare ƙofar masu haihuwa ba. Majo shi nemo izinin magajin gari, magini ni ke kawo shi."

Da gangan ya zaɓi ranar kasuwa. Ya zo cikin riga da wando irin na kowa, shi ya fara saran katangar baya da hannunsa, masu kora shanu ta burtali suna tsaye suna kallo baki buɗe. Kafin la'asar labari ya riga su isa ruga.

Sati bai cika ba, da hantsi, sai ga amalanken jaki a sabuwar ƙofar, Dije kwance a kai, idanunta sun fara juyewa. Da an ƙara jinkiri kaɗan, da wani labarin nake ba ku. Muka sa mata ruwa da allurar saukar da jini, Allah ya taimake mu ta sauka lafiya, 'ya mace mai kuka kamar ta tsaga rufi. Ban ji kunyar kowa ba, na zauna na yi nawa kukan.

Ranar sallama na nufi ƙofar baya da su, sai Manu ya ce a'a. Ya karɓi jaririyar a zanenta, ya bi ta babbar ƙofa. Ya tsaya ƙarƙashin turken nan, ya ɗaga ta sama saitin kyamarar.

Ya ce, "In komiser na kallo, shi ga ɗiyarshi."

An daɗe da yi wa komiser ɗin nan canjin wurin aiki, amma har yau ba na sallah ban sa shi a addu'a ba. Shi ya koya mini cewa aikinmu ba a kan gadon haihuwa yake farawa ba. Mai jin tsoron ƙofarki ba za ta iso hannunki ba, komai ƙwarewarki. Don haka in kun ga benci ya yi fili ranar awo, kada ku ce an samu hutu. Ku tashi ku je ku tambaya.