Hotunan da Suka Hana Shiga Kwalekwalen Gambo

Ban taɓa mantawa da ranar da layin allura ya tashi rabi ba, ni kuma na san ni ne sanadi. A zamanin Turawa ne, ina aiki a wani asibitin mishan na kutare a wajen garin Haɗeja. Aikina wanke bandeji da kiran sunayen masu karɓar magani, diresa mai ɗaure ciwo yana sama da ni, Sista Baturiya tana sama da kowa. Lokacin na haura arba'in, na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina ta ɗokin boko.

Sista ta iya zane. Ta ɗauko wani misali daga Linjila, na matafiyin da 'yan fashi suka jikkata, mutane suka yi ta wuce shi, sai wani baƙo ya taimake shi. Ta ce tana son ta mai da shi hotuna huɗu a jere, yadda wanda bai yi karatu ba zai gane. Ta san ni Musulmi ne, ta tambaye ni abin da mutanenmu za su karɓa. Na ce kada a zana wani Annabi, ta yarda. Na ce a cire jakin da baƙon ya ɗora shi a kai, a fadama da damina kwalekwale ake shiga. Ni ne kuma na ce ta ba mai taimakon fuskar Gambo, masuncin da ke ƙetaro mana da marasa lafiya daga wajen Guri kowace Talata. Ta zana shi har da malfarsa mai yagaggen baki.

Hoton farko, mutane suna wuce wani kwance a bakin ruwa. Na biyu, Gambo ya sunkuya a kansa. Na uku, suna cikin kwalekwale. Na huɗu, mutumin yana kan gadon asibiti, Gambo a tsaye. Sista ta ce in duba. Na bi da yatsa daga hagu zuwa dama, yadda malamin ajinmu ya koya mana, na ce ya yi. Aka buga, aka rarraba.

Talatar da ta biyo baya ina kiran suna, babu mai amsawa daga mutanen ƙetare. Maganin nan in aka yanke shi, ciwo dawowa yake yi. Can sai ga Gambo shi kaɗai, takardar a hannunsa.

“Malam Habu, me na yi maka?”

Ya ɗora yatsa a hannun dama, inda duk wanda ya taɓa riƙe allo yake farawa. In aka bi ta nan, ga shi ya ɗauko majinyaci daga gadon asibiti, ya sa a kwalekwale, ya kwantar da shi a bakin ruwa, aka bar shi nan. Kwalekwale kuwa a zane ba a sanin inda ya dosa. Ya ce a ƙetare ana cewa Turawa sun yi gargaɗi ne da hoto, har matarsa an daina gaisawa da ita a kasuwa.

Na shiga wurin Sista, na san aikina zai iya tafiya. Na gaya mata komai, har da cewa shekara talatin ina karatu daga dama, wata shida na boko suka mantar da ni. Ta ce a sa wa hotunan lamba. Na ce, “Ranki ya daɗe, wa zai karanta lambar? A jera su daga sama zuwa ƙasa. Da mai allo da ɗan boko, kowa daga sama yake farawa.”

Muka yanka da almakashi, muka liƙa. Washegari na shiga kwalekwalen Gambo da gangan, ina zaune a gaba inda kowa zai gan ni. Kwana uku ina bin ƙauyuka ina nunawa, ina cewa laifina ne. Yawancinsu sun dawo. Wata tsohuwa, Iya Hajjo, ba ta dawo ba sai bayan da ruwa ya janye, lokacin ta rasa yatsu biyu.

Ku da kuke aikin yanzu, takardar da za ku kai wa jama'a, kada ku tsaya ga wanda ya iya karatu irin naku. Ku miƙa wa mutumin da aka yi dominsa, ku yi shiru, ku ga inda zai fara ɗora yatsa.