Ranar da Kawu Ya Kulle Kansa da Kwamfutar Zarto

Kawuna ya shekara goma sha tara yana kula da kwamfutar da ke juya babban zarto a wani kamfanin katako. Gajere ne mai faɗin ƙirji, ba ya dariya sai an matsa masa. Ma'aikata suna kiransa Tsohon Yayi, domin duk manhajar da zai sa wa na'urar, da hannu yake sa ta, ɗaya bayan ɗaya, daga faya-fayan da yake ajiyewa a gwangwanin biskit.

Da mai kamfanin ya ɗauko sabon injiniya, sai aka mayar da Kawu ɗakin ajiyar kaya. Injiniyan ya ɗora abin da ya kira manajan manhajoji, wato manhaja mai ɗauko sauran daga intanet, ta sa su, ta riƙa sabunta su da kanta. Kawu ya roƙe shi kada abin ya taɓa manhajar da ke riƙe zarto idan an tsayar da shi. Injiniyan ya ce zamani ya wuce wurin.

Wata Talata da hantsi katako ya maƙale a bakin zarton. Ƙanin Kawu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, shi ne a kan injin. Ya danna maɓalli, zarton ya tsaya, ya sa hannu zai zaro katakon. A daidai lokacin sabuntawa ta gama shiga, kwamfutar ta sake tashi, zarton ya tashi tare da ita. Yatsu uku suka faɗi cikin garin katako, jini ya yi tsartuwa har bango.

Kawu ya yage rigarsa ya ɗaure hannun, ya sa ƙaninsa a mota, sannan ya juyo ofis. Ya shaƙi wuyan injiniyan, ya buga kansa da tebur sau uku, ya bi shi ƙasa da naushi. Sai da ƙarti huɗu suka ɓamɓare shi, ɗayansu ya bar haƙori a wurin.

Ya fizge ya shige ɗakin kwamfutar, ya tokare ƙofa da kabad. Ana dukan ƙofar da guduma, shi kuwa ya zare wayar intanet, ya goge manajan da duk abin da ya jawo, ya shiga mayar da tsofaffin manhajojin. Maɓallan duk jini. Da 'yan sanda suka iso, ta bayan ƙofa ya amsa musu.

"Saura ɗaya. Ku bari in gama, kada gobe zarton ya ci wani."

Suka bari. Ya tayar da zarton ya tsayar har sau goma, sannan ya janye kabad ya miƙa hannuwansa.

Wata bakwai ya yi a gidan yari. Injiniyan bai ƙara ji da kunnen hagu ba. Yanzu Kawu yana gyaran kwamfuta a shagon da ke jikin gidanmu, Kawu Ƙarami na karɓar masu kawo gyara. Mahaifiyata ta taɓa tambayarsa ko yana nadama. Ya ce kunnen nan yana hana shi sukuni, har ya je gidan mutumin sau biyu neman gafara, ba a buɗe masa ƙofa ba.