Yadda Froso Mai Wankin Jirage Ta Kama Sitiyari

Shekara ashirin da shida Froso ta yi tana wanke jiragen ruwa na haya a tasharmu ta Finikas, a tsibirin Siros, amma ko sau ɗaya ba a taɓa kwance igiya tana ciki ba. Da rani, duk Asabar baƙi ke dawo da jirage da safe, wasu baƙin su karɓa da la'asar. Tsakanin nan sai ita da bokiti da soso. Ta cire zannuwan gado, ta kankare murhu, ta zaƙulo yashi daga kowane lungu. Ni ce Anneta, maƙwabciyarta, katanga ɗaya ce ta raba mu, kuma ni na riƙe ɗanta Lefteris ranar da aka yi masa baftisma. Saboda haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Mijinta Sideris walda yake yi a ma'aikatar ƙera jirage da ke cikin gari. Mutumin kirki ne, amma in ya tashi aiki ba ya son ko kallon ruwa. In ta ce su je Paros, wadda muke hangowa daga tudun coci in gari ya waye tas, sai ya ce, "Me ke can da babu a Siros? Dutse ne da awaki." Haka har ya rasu. Iyakar tafiyarta babban jirgin fasinja zuwa Atina, ganin likita ko biki.

Sai dai Froso tana da kunne. Tana goge ƙasa, baƙi na zaune da taswira suna gardamar inda za su fara da inda za su kwana. Waɗanda suka dawo kuma su ba da labari: tasha kaza babu ruwan sha, mashigi kaza anka, ƙarfen tsayar da jirgi, ba ta kamawa, tsakanin Paros da Naksos iska tana matsewa kamar a maƙogwaro. Taswirorin da suka bari, masu layin fensir da tabon gahawa, ba ta zubarwa. Ta cika akwatin takalmi uku da su.

Shekararta ta ƙarshe a wurin aiki, tana da sittin da uku, wasu ma'aurata suka tambaye ta ko su je Sifnos ko Amorgos. Ta ajiye tsumma ta yi musu bayani tiryan-tiryan, har da wurin da za su fake in iskar arewa ta taso. Matar ta ji daɗi, ta ce, "Ke yaushe rabonki da Amorgos?"

Da yamma Froso ta shigo wurina ko sallama babu, ta zauna a kujerar kicin.

"Ƙarya na yi mata, Anneta. Na ce bara. Ni da girmana."

"To sai me? Wa zai kama ki?"

"Ni na kama kaina." Ta ture kofin da na ajiye mata. "Zan je. Kuma ba a jirgin fasinja ba, kamar buhun albasa. Ni zan tuƙa."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Ita ba ta yi ba.

Da kaka ta shiga, ta je ƙungiyar matuƙa ta cikin gari ta rubuta sunanta a ajin koyon tuƙi. Malamin ya ɗauka jikanta ta zo yi wa rajista. A aji ta fi kowa sanin taswira, ƙulle-ƙullen igiya kuwa da ma a hannunta suke. A kan ruwa ne aka ji jiki. Gwiwoyinta ba sa son tsugunne, kuma in aka ce ta juya hagu tana ja da baya sai ta juya dama. Jarrabawar farko ta faɗi. An ce ta shigo da jirgi da baya ta ɗaure, ta zo da gudu har sai da malamin ya fizge sitiyari.

Kafin ta iso gida labari ya riga ta zuwa gidan gahawa na bakin tasha, inda tsofaffin kyaftin-kyaftin ke wuni suna karta. Babbansu a baki shi ne Kyaftin Zannis, wanda ya yi shekara arba'in a manyan jiragen kaya, yanzu kuma ga sanda ga tumbi. Washegari muna wucewa da kwandon cefane ya ɗaga murya, yana kiranta Kiriya, wato uwargida a harshenmu.

"Ga shugabar rundunar ruwa nan! Kiriya Froso, an ce jiya kin so ki shiga da jirgi har cikin kantin burodi."

Duka suka kwashe da dariya. Froso ta tsaya, ta ajiye kwando a kan teburinsu, a kan kartar.

"Kyaftin, jirginka na nan a ɗaure shekara nawa? Huɗu? Ciyawar da ta fito a gindinsa ta isa kiwon tunkiya. Ni aƙalla nawa yana motsi."

Wannan karon shi aka yi wa dariya. Ya yi ja har kunne, ya ce ta kwashe albasarta.

Ta sake zama jarrabawa bayan bikin Ista, ta ci. Lasisin ta sa shi a leda ta liƙa a jikin firij. Daga nan teburin cin abincinta ya daina zama na cin abinci. Ta shimfiɗa taswirori, ta danne kusurwoyi da gwangwanin zaitun, ta tsara tafiya: tsibiri bakwai cikin kwana goma sha biyu, a watan Satumba, lokacin da meltemi, iskar arewan nan tamu, ta fara gajiya. Paros, Naksos, Irakliya, Kufonisi, Amorgos, sannan a juyo ta Sifnos da Serifos. Kowace rana da awannin tafiyarta, da mafaka ta biyu in ta farko ta ƙi. Ni kuma ta rubuta ni a matsayin mataimakiya ba tare da ta tambaye ni ba.

"Ni da nake amai a jirgin fasinja?"

"Mahaifinki masunci ne, kin ja taru kina yarinya. Ki yi amanki, amma ki riƙe igiya."

Saura jirgi. Ta je wurin mai kamfanin da ta yi wa aiki duk shekarun nan. Ya ba ta kujera, ya sa aka kawo mata lemo, ya ce ita uwa ce a wurinsa. Sannan ya ce zai ba ta jirgi mafi kyau, amma da matuƙi daga wajensa.

"Bara ka ba wani ɗan Holan jirgi, bai san gaba da baya ba. Ni na wanke jinin goshinsa daga ƙofa."

"Kiriya Froso, ki gane, shekaru..."

Ta miƙe ta bar masa lemonsa ko kurɓa ba ta yi ba.

Kwana uku bayan haka sai ga Kyaftin Zannis a ƙofarta, yana haki saboda hawan tudu. Ya ce jirginsa na lalacewa a banza, in za ta kankare shi ta gyara, ta ɗauka. Sharaɗi ɗaya, zai bi su, ya zauna a gefe, ba zai ce uffan ba.

"Kai ne ba za ka ce uffan ba? Ko a jana'iza ba ka iya yin shiru." Ta girgiza kai. "In ka shiga, ko barci ka yi tun daga nan har Amorgos, cewa za a yi kai ka tuƙa. Ka ba ni shi ni kaɗai ko ka bar shi ya ruɓe."

Ya zage ta ƙasa-ƙasa, ya ce taurin kanta ya fi na alfadari, ya jefa makulli a kan taswira ya fita. Duk watan Yuni da Yuli muna ƙarƙashin jirgin nan da abin kankara. Shi kuma yana zaune a inuwa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Amma shi ya gyara injin da hannunsa, kuma shi ya fitar da mu gwaji sau tara a gaban tasha, yana ihu, tana rama masa.

Lefteris likitan haƙori ne a Atina. Ba ta gaya masa ba sai ana saura mako guda. Ina jin muryarsa ta waya daga gidana.

"Mama, kin haukace ne? Ku biyu, shekarunku in an haɗa sun haura ɗari da ashirin!"

"Ka iya lissafi, Allah ya yi albarka. Kana da wata magana?"

Mun tashi ranar uku ga Satumba da hantsi, da busasshen burodi, da cuku, da tumatir, da tukunyar wake. Da muka fita daga mashigi ta ce in ja igiya, filafili, babban ƙyallen nan na jirgi, ya buɗe ya cika da iska, ta kashe inji. Shirun da ya biyo baya ban taɓa jin irinsa ba, sai ruwa kawai yana shafar katako. Na waiwaya na ga tana riƙe da sitiyari da hannu biyu, haɓa a sama, hawaye na bin kumatunta.

"In kika gaya wa wani, zan jefa ki ruwa," in ji ta.

A Paros ta shiga da baya a gaban mutane cike da bakin tasha, ta ɗaure lafiya, ko da yake ta goga gefen jirgi a siminti. A Naksos na yi amai tun daga fita har shiga. Rana ta huɗu muka isa Irakliya, ƙaramin tsibiri mai mutane kaɗan, a nan kuma iska ta tashi da gaske. An ce takan gaji a Satumba, amma wannan shekarar ba ta ji labari ba. Kwana huɗu muna ɗaure da igiya shida, teku a waje ya yi fari fat. Froso ta riƙa fita kan dutse da safe tana kallon wajen Amorgos, ta dawo ta goge layi ɗaya a takardarta.

Rana ta uku da tsayuwarmu jirgin fasinja ya iso yana tangaɗi, sai ga Lefteris ya sauko, fuska kore shar, riƙe da jaka. Ko gaisuwa bai yi ba.

"Na sayi tikiti uku. Ku kwaso kayanku. Jirgin Zannis zan sa a zo a ɗauka."

"Sannu da zuwa. Ka ci abinci?"

"Mama, ba wasa nake yi ba. In kika ƙi, zan je wurin jami'in tasha in ce a hana ki fita."

"Ga shi can yana shan gahawa. Je ka."

Ya kuwa je. Jami'in, wani mai gashin baki da ya zo daga Naksos, ya taho ya duba lasisinta da takardun jirgi da rigunan ceto, ya ja igiyoyin da ta ɗaure ɗaya bayan ɗaya. Ya ce wa Lefteris, "Likita, komai nata daidai ne. Yau ba wanda zai fita, ita ma ta sani, shi ya sa take nan. In iska ta kwanta ba ni da hurumin tsare ta."

Lefteris ya zauna a kan dakali ya dafe kai. Da ya yi magana kuma muryarsa ta sauka.

"Baba ya tafi. Ke kaɗai ta rage mini. In aka kira ni aka ce an tsinci jirgi babu kowa fa?"

Ta zauna kusa da shi. Ni na san maganar ta shige ta, don na ga yadda take murza bakin rigarta.

"Ɗana, na ji ka. Amorgos na fasa, tun jiya na goge ta, kwanakin ba za su isa ba. Amma ka sani iska ce ta hana ni, ita nake saurara. Jirgin nan ni na fito da shi, ni zan mayar da shi. Tikitina ka ba wani."

Ya roƙe ni in sa baki, a matsayina na uwarsa ta baftisma. Gaskiya raina yana kan tikitin nan. Amma na dubi Froso, na ce masa ni ma'aikaciya ce kawai, sai abin da kyaftin ta ce. Ya koma shi kaɗai, bai ɗaga mana hannu ba.

Komawa ta fi zuwa wuya nesa ba kusa ba, don iska a fuska take. Kwana uku muna saƙa hanya, mu karkata nan mu karkata can, ruwa na watso mana, gishiri ya bushe a gira. Tafin hannuna ya sale. Ranar ƙarshe muka yi awa tara, ba ta saki sitiyari ba sai don ta sha ruwa. Muka shiga Finikas da la'asar, tsibiri uku cikin bakwai. Kyaftin Zannis ya karɓi igiya, ya duba gogar da ke gefe, ya ce zai kai ta kotu, sannan ya aika a kawo mana soyayyen kifi.

Lefteris bai kira ta ba har Kirsimeti, ita ma ba ta kira shi ba. Matarsa ce ta gaji ta haɗa su a waya. Har yau bai yarda da abin ba, sai dai ya saya mata na'urar da ke nuna masa inda jirgi yake, ita kuma takan kunna ta in ta ga dama.

Amorgos sai a shekara ta uku muka kai. Yanzu tana da saba'in da ɗaya, idonta na hagu ya yi yana. Watan jiya na raka ta asibiti, likita ya ce za a yi mata aiki ranar goma ga Satumba.

"Ba na nan," in ji ta.

"Kiriya, layi ne, in kika bari sai Nuwamba."

"To rubuta Nuwamba."

Ya dube ni ko zan taimake shi. Na ce masa ya rubuta kawai, don mun riga mun sayi cukun tafiya.