Tumakin da Suka Wallafa Littattafan Baffa Umaru

Marigayi Dakta Umaru ƙanen mahaifina ne, mijin Inna Hajo, aminin Malam Joɗi, makiyayi a Shagari. Duk wanda ya zauna da shi a Boɗinga ya san halinsa: kafin ya tambayi lafiyar iyalinka, sai ya tambaya ko ka karanta littafinsa.

Littattafai uku ya rubuta a kan tarihin noman fadama, ya sa su a intanet kyauta. Abin ya daɗe yana ɗaure mini kai. Da na kammala jami'a, na tambaye shi wa yake biyan mai gyaran rubutu da mai tsara shafuka, tunda makaranci ba ya biya.

"Tumaki," in ji shi. "Tallahin waje shekara biyu yakai ya ƙare. Tunkiya ko, haihuwa takai!"

Ashe tumaki ya raba wa makiyaya kiwo. Idan tunkiya ta haihu a raba 'ya'yan, rabonsa ya tafi ga littafi. Kowane rago kuma da sunan babin da zai ɗauki nauyinsa.

Wata Babbar Salla, Inna Hajo ta nuna wani ƙosasshen rago ta ce ga abin layya.

"Subhanallahi, Hajo! Wanga Babi na Huɗu na!"

"To, Malam, Babi na Huɗu ya cinye man geron da nis shanya."

Da ɗan akuya aka yi layya a shekarar.

Wata rana na tarar da wani mai shago a kasuwar Boɗinga yana buga littafin Baffa yana sayarwa. Na kai ƙara raina a ɓace. Baffa ya saɓa rigarsa ya nufi shagon, ya duba kwafin, ya daka tsawa: "Kai, yaro! Ina taswirar Danchadi? Ka bar shahi biyu!" Bai tashi ba sai da aka ƙara su.

Abin da ban gane ba har yau shi ne, mutumin da ya rubuta tarihin kowace rijiya, da baki kawai ya ba da tumakinsa goma sha biyar. Shi kaɗai ya san masu riƙe da su. Ya rasu littafi na huɗu yana hannun mai gyara.

Bayan sadakar bakwai Malam Joɗi ya koro tumakin Baffa da suke hannunsa har ƙofar gida. "Ɗana, ga amanar littahi. Sauran, ban san inda sunka shiga ba."

Inna Hajo ce take ba su dusa yanzu. Ranar da mahauci ya taya ragon cikinsu, cewa ta yi, "A'a. Wanga babin ƙarshe na."

Allah ya jiƙan Baffa, ya sa kowane shafi da aka karanta ya zame masa haske a kabari.

Tumaki huɗu suka dawo. Goma sha ɗaya sun ɓace, tare da wanda ya san sunayensu.